Gaba Biyar, Baya Shida

"Mama, me ya sa ƙanena yake gudun Kaka?"

'Yata ce ta jefo tambayar, wadda muke kira Lauya saboda bakinta ba ya hutawa da tuhuma. Shekarunta biyar, kuma ba ta taɓa yin tambaya a keɓe ba, sai ta jira ɗaki ya cika. Ranar ma haka ta yi. Ina durƙushe ina ninke kayan jariri, babanta yana kan doguwar kujera da kwamfuta a cinya, surukata Hajiya kuwa tana kujerarta ta jikin taga tana shafa man zafi a gwiwa.

Na ce, "Yaron da ko zama bai iya ba, da wace ƙafar zai gudu? Je ki wanke hannunki."

"Da keke mana. Kullum aka sa shi a gaban Kaka, sai ya tafi can."

Ta miƙa yatsa, duk muka bi shi da kallo. Keken jaririn da ni da kaina na ajiye a gaban Hajiya bayan na shayar da shi, har yana gogar zaninta, ga shi can tsakiyar falo yana ta kai da komowa abinsa, yaron yana barci a ciki.

Hajiya ta rufe kwalbar man a hankali, irin rufewar da take yi idan magana za ta yi tsawo.

"Ƙyale ta ta faɗa," in ji ta. "Ni ma na gani tuntuni, shiru kawai na yi. Idan warin man nan ne ba a so ya shiga hancin angona, ai sai a gaya mini. Ba sai an jira na gyangyaɗa a lallaɓo a janye shi kamar ana satar akuya ba."

"Hajiya, wallahi ban taɓa shi ba!"

"Ni na kira sunanki?"

Ba ta kira ba, amma ni kaɗai take kallo.

Bari in yi bayanin keken nan. Yaron namu tun da ya zo duniya ba ya barci sai ana tura shi gaba da baya. Ka tsaya ka sosa hanci, ya buɗe ido ya tara maka maƙwabta. Hannuna ya yi tsami, bayan Hajiya ya riƙe, sai babansa, wanda uwarsa take kira Injiniya idan tana son yabonsa da kuma idan tana son zolayarsa, ya ce ya gano mafita. Ya ɗaura wani ƙaramin inji a ƙafar keken, ya haɗa shi da wani ɗan allo mai wayoyi kamar tafin hannu, ya rubuta masa umarni a kwamfuta: ka yi gaba taku biyar, ka komo baya taku biyar. Kowane taku bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Har kunne ya yi masa, da zarar yaron ya yi ƙara sai injin ya tashi da kansa. Ranar farko na yi barcin rana har na yi mafarki. Na yi wa mutumin addu'a da zuciya ɗaya.

To amma da Lauya ta nuna keken, ni ba fushin Hajiya na fara gani ba. Abin da ke bayan keken na gani. Muna zaune ne a hawa na biyu. Ƙofar falonmu tana kallon kujerar Hajiya kai tsaye, kuma da rana a buɗe muke barinta saboda zafi. Daga bakin ƙofar, taku biyu na babban mutum, sai matakala ta fara, ta siminti, mai gangara har ƙasa. Duk abin da ya yi nesa da Hajiya a falon nan, matakala ya nufa.

Na tashi na ɗauke ɗana na rungume.

"Abban Lauya, keken nan tafiya yake yi."

Bai ɗago daga kwamfutar ba. "Ai aikinsa ke nan. Ya je ya dawo."

"Yana zuwa, amma ba ya dawowa duka."

Sai ya ɗago, ya yi mini irin murmushin da likita yake yi wa wanda ya zo da sunan ciwonsa daga gida. Ya ce daɓen ne. Duk gidajen haya haka suke, magina ba sa awo, ƙasan ya karkata wajen ƙofa. Don ya rufe bakin kowa, ya aiki Lauya ta ɗauko lemo a kicin. Ya durƙusa a tsakiyar falo, ya ajiye lemon a kan tayil, ya ce mu zuba ido mu ga inda zai gangara.

Lemon ya yi jim kamar yana shawara. Sannan ya mirgina sannu a hankali, ya bar ƙofa a bayansa, ya je ya tsaya a jikin ƙafar Hajiya.

Hajiya ta sunkuya ta ɗauka. "Ka ga mai tarbiyya," ta ce, ta fara ɓarewa.

"Wato keken hawa ma yake yi," na ce. "Yana hawan tudu don ya kai matakala."

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya kifa keken ya duba tayoyi, ya hura musu iska da baki, ya ce wataƙila ɗaya ta fi ɗaya cinyewa. Ya kalli Lauya ya tambaye ta ko ita ke turawa. Lauya ta ce a kawo shaida. Ya ce wataƙila iskar fanka ce. Hajiya ta ce in dai fankar gidan nan ce, ko ƙuda ba ta iya korewa.

Na ce, "Nuna mini abin da ka rubuta."

Hajiya ta daina tauna.

A gidanmu wannan magana ba ƙarama ba ce. Ni da shi a wurin aiki ɗaya muka haɗu. Shi yana rubuta manhaja, ni kuma aikina in gwada abin da su suka rubuta in nemo inda zai lalace. Kafin ya taɓa ce mini yana sona, sai da na mayar masa da aikinsa ya fi a ƙirga, da jan rubutu. Sufeto yake kirana tun daga lokacin. Da maganar aure ta taso, bai nemi in iya girki kaza ko in bar aiki ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a ofis ni Sufeto ce, a gida matarsa ce, duk abin da ya rubuta a ƙarƙashin rufin nan ba zan leƙa ba. Na yarda, domin a lokacin abin da yake rubutawa a gida bai wuce abin kunna fitilar baranda ba.

"Sufeto," ya ce, "alƙawari fa."

"Lokacin alƙawarin ba mu da mai kwanciya a cikin aikinka."

"Layi goma ne kacal. Me zai lalace a layi goma?"

Na san amsar wannan tambayar, da ita nake cin abinci. Amma uwarsa tana zaune, kuma ba na kunyata mijina a gaban mahaifiyarsa. Na ce shi ke nan, ya riƙe layukansa, ni kuma na riƙe ɗana, ba zai sake shiga keken nan ba.

Yaron bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Ya saba da keken, ƙamshin katifarsa ya sani. Na goya shi, ya ƙi. Na kwantar da shi a gado, ya sandare yana tsala ihu. Hajiya ta karɓe shi ta yi masa waƙa, ya ƙara murya, ta miƙo mini shi ta ce, "Kin gani ko? An riga an koya masa." Washegari da hantsi idona ya yi ja, shinkafa ta ƙone, ban yi wanka ba, Lauya ta tambaye ni ko ni ma ciwon tsufa ya kama ni.

Sai Injiniya ya zo da sulhu. Ya ce a mayar da yaron keken, amma ba za a yi lilo ba. Zai sa yawan takun a sifili. Gaba sifili, baya sifili, keke ya zama gado.

Na ce, "Ka cire injin gaba ɗaya mana."

"In na cire, tayoyin sakaka za su zama, ko Lauya ta jingina sai ya tafi. In yana kunne a sifili, injin ne zai riƙe tayar gam kamar birki. Taɓa ki ji."

Na tura keken da hannu, ko motsi bai yi ba. Na ƙara ƙarfi, yana nan daram. Maganarsa ta yi ma'ana, kuma na gaji. Na shayar da yaron har ya yi lis, na kwantar da shi a ciki, na manna keken da gwiwar Hajiya. Muka tsaya mu huɗu muna kallo. Bai gusa ba.

"Sifili sifili ne," in ji Injiniya, yana karkaɗe hannu. "Ko a wace ƙasa."

Duk da haka na rufe ƙofar falo, na ce kada wanda ya buɗe, sannan na shiga wanka.

Abin da ya faru bayan shigata, daga bakin Hajiya na ji, kuma ta ba da labarin sau da yawa, kowane karo matakalar tana ƙara tsawo. An kira Injiniya a waya daga ofis. A cikin falonmu waya ba ta kamawa sosai, sai ya buɗe ƙofa ya fita, ya sauka 'yan matakai yana "Ina jinka, ina jinka," ya bar ƙofar a wangale. Lauya tana ɗaki tana yi wa 'yar tsanarta shari'a. Sai yaron ya yi 'yar ƙara cikin barci. Kunnen injin ya ji, injin ya tashi.

Hajiya ta ce ba lilo ya yi ba. Da lilo ne da ta gane. Kawai keken ya bar gwiwarta ya fara ja da baya, tik, tik, tik, a miƙe, ba hannun kowa, kamar wanda aka kira sunansa daga waje.

Ni dai ina cikin kumfa na ji salati irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba. "Innalillahi! Ku zo! Ga shi nan yana tafiya da kansa! Ke 'yar nan! Kai Injiniyan banza!"

Na fizgi zani na ɗaura, sabulu a ido ɗaya, na fito a guje. Santsi ya kwashe ni a bakin kicin, na dafe bango. Abin da na tarar ba zan manta ba. Hajiya, matar da sai an kama ta take tashi daga kujera, tana rarrafe a tsakiyar falo, ɗankwali ya zame, ta miƙa sandarta ta maƙalo ƙafar keken ta gaba da lanƙwasar. Injin yana ja, tana ja. Tayoyin baya sun riga sun haye dokin ƙofa. Tana riƙe da sanda hannu biyu tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Na tsallake ta na cafke hannun keken, na sunkuci ɗana, na sa ƙafa na fincike wayar batirin. Injin ya yi shiru. Yaron ya buɗe ido ya kalle ni, ya yi hamma, ya koma barci a kafaɗata mai kumfa.

Sai ga Injiniya ya hawo, waya a kunne. Ya ga keke rabi a waje, ya ga uwarsa a ƙasa, ya gan ni. Ya ce wa na cikin wayar, "Zan kira ka," da wata siririyar murya.

Muka ɗaga Hajiya muka zaunar. Ta sha ruwa, ta gyara ɗankwali, ta nuna shi da sanda.

"Ɗauko abin nan naka ka buɗe mata."

"Hajiya, akwai alƙawari tsakaninmu..."

"Da ni aka yi? Buɗe mata, ko in buɗe shi da sandar nan."

Ya ɗauko kwamfutar ya buɗe a kan tebur. Kafin in ja kujera, na ga idonsa ya sauka a kan wani layi, fuskarsa ta canja, hannunsa ya tafi zai rufe murfin. Na riƙe murfin. Ba sai na nema ba, inda yake kallo na kalla. Layi na shida ne:

komawa = ~tafiya

A gaban kalmar tafiya, inda ya kamata a ga 'yar gajeriyar alamar ɗebewa, wata alama ce mai lanƙwasa kamar tsutsa a kwance.

Na kalle shi kawai.

"Na sani," ya ce. "Na sani, Sufeto. Hannuna ne ya saba."

Gaskiyarsa ce. A ofis aikinsa fitilun allunan talla ne, kuma a can wannan alama ita ce abokiyar aikinsa. Duk fitilar da ke kunne ta kashe ta, duk wadda ke kashe ta kunna ta. Yini yake yana buga ta. Da ya zo rubuta wa keke "kishiyar gaba", ga rashin barci, yatsansa ya tafi inda ya saba.

Hajiya ta leƙo. "Wannan 'yar tsutsar ce ta ja ni a ƙasa? Ku yi mini bayani da Hausa. In aljani ne a kira malam, in kai ne in sani."

Injiniya ya fara wani dogon turanci, ta ɗaga masa hannu. Na miƙa masa yaron, na je kicin na kwaso kofunan shayi takwas na jera a kan tebur, duk a kife.

"Hajiya, ɗan allon nan bai san biyar ko goma ba. Abin da yake da shi gurabe ne takwas kamar kofunan nan, kowanne ko a kife ko a buɗe. Na kife sifili ne. In an buɗe, kowane kofi da darajarsa. Na ƙarshen dama ɗaya, na kusa da shi biyu, na gaba huɗu, haka suke ninkawa." Na buɗe mai darajar huɗu da mai darajar ɗaya. "Huɗu da ɗaya. Ga biyar ɗin da keke yake yi gaba."

"Na gani. Kofi biyu a buɗe, shida a kife."

"To tsutsar nan ba ta san lissafi ba. Abu ɗaya ta iya, ta bi kofuna ɗaya bayan ɗaya ta juya kowanne." Na bi su na juya, biyun suka kife, shidan suka buɗe. "Kuma kin ga na ƙarshen hagu? Shi ne mai faɗin alkibla. In yana kife, lambar ta gaba ce. In ya buɗe, lambar ta faɗa ƙasa da sifili, wato baya."

"To ai ya buɗe. Baya ke nan. Ɗana ya yi daidai."

Injiniya ya ɗan gyara zama.

"Baya ne, Hajiya, amma baya nawa? Abban Lauya, kai za ka faɗa ko ni?"

Ya yi ajiyar zuciya, ya matso da yaron a kafaɗa. Ya ce ta tuna jeren farko da na biyu. Duk gurbin da yake a kife a na farko, a buɗe yake a na biyu. In aka haɗa su biyun, kowane gurbi zai samu buɗaɗɗen kofi guda, takwas ɗin duka a buɗe. Ya buɗe sauran biyun da hannu ɗaya.

"Duka a buɗe ai babbar lamba ce," in ji Hajiya.

"Kin tuna mitar tsohuwar motar Baba? Ranar da ta cika tara-tara-tara har ƙarshe, da muka ƙara tafiya kaɗan me ta nuna?"

"Ta koma sifili duka. Marigayi ya ce ta zama sabuwa, ya ƙara mata kuɗi."

"To haka nan ma. In kofuna duka suna buɗe, aka ƙara ɗaya, sai duk su kife, a koma sifili. Abin da in an ƙara masa ɗaya yake zama sifili, ai ɗaya ne ƙasa da sifili. Saboda haka a wurin allon nan, duka a buɗe yana nufin taku ɗaya baya."

Hajiya ta motsa leɓe tana lissafi. Sannan ta ce, "Tsaya. Na yi gaba biyar. Na juyo. Na tsinci kaina taku ɗaya bayan inda na tashi." Ta ƙirga a yatsu. "Shida na yi baya."

"Shida," na ce. "Kowace lamba aka ba tsutsar nan, kishiyarta take bayarwa da ƙarin taku ɗaya baya. A ba ta biyar, ta ba da shida baya. A ba ta goma, ta ba da sha ɗaya. Kowane lilo keken yana cin faɗin yatsa ɗaya, ba mai gani, sai an jima a ga ya bar ki."

"To yau da ya ce sifili fa? Da kunnena na ji ya ce ko a wace ƙasa."

Na kife kofunan duka. "Ga sifili." Na bi su na juya, takwas suka buɗe baki suna kallon silin.

"Ɗaya baya," Hajiya ta faɗa a hankali. "Gaba babu, baya ɗaya."

"Kuma da yake babu zuwa da dawowa da za su ci lokaci, sai ya dinga yin ɗayan nan a jere ba hutawa. Shi ya sa yau ya fi kullum sauri."

Hajiya ta juya ta kalli ɗanta tun daga sama har ƙasa. "Wato da ka ce masa tsaya, ce masa ka yi ruga."

"Ɗaya ne fa kawai, Hajiya. Kuskuren ɗaya."

"Ɗaya ne? Zo ka ga gwiwata ka gaya mini ɗaya ne."

Lauya, wadda ta fito tun ɗazu tana kallon kofuna, ta ce, "Abba, tsutsar ce ta yi laifi ko kai?"

"Tsutsar aikinta ta yi," na amsa, don in taimake shi. Da na ji yadda maganar ta fita, sai na ga ban taimake shi ba.

Ya miƙo mini yaron, ya zauna zai gyara. Na tsaya a bayansa, karo na farko a gidan nan. Na ga ya bar tsutsar a wurinta, ya je ƙarshen layin ya rubuta a ƙara ɗaya.

"Me kake yi?"

"Daidai ne ai. A juya kofuna a ƙara ɗaya, shi ne ainihin yadda allon yake samo kishiyar lamba. Biyar ta ba da biyar baya, sifili ya ba da sifili."

"Na san daidai ne. Amma akwai alamar ɗebewa a kan kwamfutar nan, kyauta, wadda ko Lauya ta gani ta san me ake nufi. Wata rana za ka zo kana gyangyaɗi ka ce wannan ɗayan na mene ne, ka goge."

"Sufeto, ki bar mini ko 'yar..."

"Cire tsutsar nan," in ji Hajiya daga kujerarta. "Ba na son ganinta a gidan jikokina."

Ya cire. Ya sa alamar ɗebewa.

Hajiya ba ta ce mini yi haƙuri ba, ba a yi surukar da za ta faɗi haka ba tukuna. Abin da ta yi, ta kira ni ta ce in zo in zauna kusa da ita, ta kama hannuna ta ce ashe idona ya faɗa, in je in ƙarasa wankana in kwanta, ita za ta riƙe angonta. Da na miƙa mata shi, ya buɗe ido, ya shaƙi man zafi, ya yi atishawa, ya kama ɗan yatsanta ya riƙe. Ta kalle ni da alfahari kamar ta ci zaɓe.

Yaron bai koma keken a ranar ba. Na ɗauko buhun shinkafa mai nauyinsa na kwantar a ciki, na ja layi da alli a kan tayil daidai tayar gaba. Na sa Injiniya ya gwada da biyar, ya gwada da ɗaya, ya gwada da sifili, ya gwada da babbar lambar da allon zai iya ɗauka. Tun da injin sai ya ji kuka yake tashi, shi na sa ya durƙusa kusa da keken yana kukan jarirai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga magidanci yana "inyaa, inyaa" a kan buhun shinkafa, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta ja ƙofarta. Sai da buhun ya yini yana lilo, taya tana dawowa kan allin daidai, sannan na yarda. Ko da na yarda ɗin, na sa kafinta ya kafa mana katako mai tsayi a dokin ƙofa, wanda ko keke ya haukace ba zai haye ba. Kowa yana tuntuɓe da shi, Injiniya ya fi kowa, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Alƙawarinmu yana nan, amma an yi masa gyara a gaban shaidu. Fitilar baranda tasa ce, ya rubuta abin da ya ga dama. Duk abin da yake da taya, ko wuta, ko ɗana a ciki, sai ya bi ta hannuna.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in akwai mai rubuta wa inji umarni a gidanku, ku ji ni da kyau. Alamar nan mai kama da tsutsa ba ta nufin kishiyar lamba, juya gurabe take yi, kuma kullum sai ta zarce da ɗaya, har a kan sifili. Kada kunya ko soyayya ta hana ku cewa a buɗe a nuna muku. Kuma kada ku kuskura ku ɗora abin da kuka haifa a kan wani inji sai kun ga yadda yake yi idan an ce masa ya tsaya.